Mugu ma akwai ranar da ya fara

A tatsuniyoyin da Goggo take yi mana a unguwar Gangare ta Jos, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya mai da Dodo mai cin mutane. Dodo ne, shi ke nan. Matar uba kuwa, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" an san marainiya za ta sha wuya. Haka littattafan soyayya da fina-finanmu suka gada: kishiya ta shigo da mugunta tun ranar tarewa, ta zarce gidan boka, a ƙarshe ta haukace, a ce hali zanen dutse.

A nan Ingila, 'yata da ƙawayenta sun fi rububin labaran duniyar da ta lalace, inda azzalumai ke mulki, matasa ke yi musu tawaye. Marubutan irin wannan labari sun koma baya suna tono ƙuruciyar azzalumin. Suzanne Collins ta fitar da littafin The Hunger Games a 2008, da shugaba Snow a matsayin tsohon da ke sa yara su kashe juna a nuna a talabijin. A 2020 ta dawo da shi a wani sabon littafi yana ɗan shekara 18, shekara 64 kafin wancan labari. Maraya ne, ɗan babban gida da yaƙi ya talauta. Miyar kabeji yake sha ya fita yana taƙama, 'yar'uwarsa Tigris ta gyara masa tsohuwar rigar mahaifinsa don kada 'yan makaranta su gane babu ta kama su.

Ina ganin waɗannan marubuta sun fi mu gaskiya a nan, kuma mu 'yan Jos muka fi kowa buƙatar wannan salon. Mun ga rikicin Satumbar 2001, mun ga na Nuwambar 2008, mun ga na Janairun 2010. Waɗanda suka cinna wa gidaje wuta ba daga daji suka fito ba. Da yawansu an buga ƙwallo da su a layi, an ci naman Sallah da shinkafar Kirsimeti tare. Yau garin ya rabu, kowa ya san unguwar da ba zai kai magariba a cikinta ba, yaran da aka haifa bayan nan kuma labari ɗaya suke ji daga kowane ɓangare: wai mutanen can haka Allah ya yi su. Yaron da aka rena da wannan ba zai taɓa zargin kansa ba, tunda a wurinsa mugu kullum wani ne.

Sai dai salon nasu da tarko a ciki. Da fim ɗin sabon littafin ya fito a 2023, aka ba kyakkyawan saurayi matsayin Snow, sai na ji ƙawayen 'yata suna cewa tausayi ya ba su, yunwa ce ta ja masa. Raina ya ɓaci. Na tambaye su, Tigris fa? Ba tukunya ɗaya suka ci ba? Littafin bai wanke shi ba. Abokinsa Sejanus ya yarda da shi ya buɗe masa cikinsa, shi kuma ya naɗi maganar a ɓoye ya aika wa hukuma, aka rataye yaron. Bayan nan ya koma wurin iyayen mamacin, suka rungume shi a matsayin ɗa, dukiyarsu ta zama tasa. Yunwa ba ta sa mutum wannan. Shi ya zaɓa, ya sake zaɓa, kowane karo yana ba kansa hujja mai daɗin ji.

Wannan hujjar nake so marubutanmu su kamo da Hausa. Jos ba ta rasa masu alƙalami ba, ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta a cikin garin. A rubuta mana yaron da rumfar babansa ta ƙone a gobarar kasuwar Taminus a 2002, makaranta ta gagara, wani mai babbar riga ya fara ba shi na cefane. A nuna ranar da aka ce ya nuna gidan abokinsa. A sa ƙaninsa a gefe, wanda gobarar nan ta cinye masa komai shi ma, aka yi masa wannan tayin ya ce a'a.