Kafin dillali ya yi sallama

Ƙungiyoyin da ke yaƙi da safarar 'yan mata sun san hoton da ke buɗe aljihun jama'a: an kai samame, an ɓalle ƙofa, an fito da yarinya an rufe mata fuska. Ina jinjina wa masu wannan aiki, da ransu suke caca. Amma a ganina, sadakarmu ta fi amfani tun yarinyar tana gaban iyayenta.

Dillalin nan fa ba kasafai yake zuwa da bindiga ba. Galibi sananne ne, gwaggo ce ko maƙwabcin da ya dawo daga birni da alamun samu. Yana zuwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa, bashi ya taru, ya ce ga aikin gida, za a sa ta makaranta, ga kuma kafin alƙalami. Uban da ya miƙa hannu ya karɓa yana son 'yarsa, lissafin bakunan da zai ciyar ne ya fi ƙarfinsa. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan kashi 80 cikin 100 na masu fama da matsanancin talauci a karkara suke, nan dillalai ke farauta.

Ku dubi yammacin Nepal. Iyalan ƙabilar Tharu, manoman da ba su da gonar kansu, sun daɗe suna bayar da 'ya'yansu mata aikatau a gidajen masu hali, ana ƙulla cinikin shekara-shekara a bikin Maghi cikin watan Janairu. A 2000 ƙungiyar Nepal Youth Foundation ta zo da dabarar da wani zai raina: tana ba iyaye akuya ko ɗan alade su kiwata, ta ɗauki nauyin karatun yarinya, da sharaɗin ta zauna a gida. Kuɗin dabbar idan ta girma yana maye gurbin abin da dillali zai biya. Dubban yara suka tsira ta wannan hanya, kuma waɗanda aka 'yanta ɗin ne suka fito zanga-zanga har gwamnati ta ayyana soke al'adar a 2013.

Ba na cewa akuya maganin komai ce. BRAC, wata ƙungiyar yaƙi da talauci ta Bangladesh, ta fara wani tsari a 2002: a ba mace mafi talauci jari na dabbobi, da ɗan kuɗin abinci don kada yunwa ta sa ta sayar da jarin, da horo, da mai leƙo ta a kai a kai. An gwada shi a ƙasashe shida, aka wallafa sakamakon a 2015. A biyar iyalai sun ci gaba da samun sauƙi bayan an janye tallafi. A Honduras kuwa cuta ta kashe kajin da aka raba, riba ta bi ruwa. Wannan rahoto ya burge ni, domin ya faɗi har inda aka faɗi ƙasa.

Doka kam akwai ta, tun Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 yawancin ƙasashe sun haramta safarar mutane. Abin da ke damuna shi ne bayan ceto. A mayar da yarinya gidan da bashin nan yake jiranta, a ƙara mata da tsangwamar unguwa, sannan a ɗauki hoto a tafi, wannan ɗiban ruwa ne da rariya. Dillalin da ya san hanyar gidan zai dawo, ko ya ɗauki ƙanwarta.

Don haka idan ƙungiyoyin ceto suka turo muku neman gudummawa, ku tambaye su: yaran da kuka ceto shekara biyu da suka wuce, nawa ne ke makaranta yau, nawa ne suka sake tafiya? Ku kuma tambaya ko iyayen yaran sun samu abin da za su riƙe, da wanda ke komawa ƙauyen ya duba.