An ƙara yawan ɗaliban lafiya, an bar su a hannun masu cin zalinsu

Tun da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a 2024 cewa makarantun likitanci da na aikin jinya za su riƙa ɗaukar ɗalibai 64,000 a shekara maimakon 28,000, ake ta tafi kamar an gano maganin guduwar ma'aikatan lafiya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba a tsaya an tambayi hannun wa za a damƙa wa yaran nan ba idan lokacin koyon aiki a asibiti ya yi.

Hannun waɗanda suka rage ne. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa da bakinta ta ce nas 42,000 suka fice cikin shekara uku. Wadda ba ta samu biza ba tana riƙe da ɗakin marasa lafiya ita kaɗai cikin dare, ga gajiya, ga albashin da ba ya kai ta ƙarshen wata, sai a turo mata tulin ɗalibai. Fushin da ba ta iya sauke wa gwamnati ba, a kansu yake sauka.

'Yar wani maƙwabcina a Agege tana koyon aiki a wani asibiti a nan Legas. Sau da yawa lokacin da likitoci ke zagayen duba marasa lafiya, ita an aike ta sayo wa sista abinci. Ranar da ta nemi jijiya don sa ƙarin ruwa ba ta samu ba a karon farko, sai aka daka mata tsawa a gaban mai jinya: kiwon shanu aka turo ki? Daga nan mutumin bai ƙara yarda ta taɓa shi ba. Da uban ya ce zai je ya yi magana, riƙe shi ta yi: "Baba, don Allah kada ka je, sai ta ƙi sa mini hannu." Littafin da ake sa wa ɗalibi hannu a kan kowane aikin da ya koya, shi ne bulalar. In babu wannan hannun, babu jarrabawa.

Manyan kuma amsarsu ɗaya ce: mu ma haka aka yi mana, horo ne. Wane irin horo? Wanda aka muzanta don ya yi tambaya, gobe ba zai sake tambaya ba. Zai ga adadin maganin da aka rubuta bai yi masa daidai ba, ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma mai jinya ne zai kwasa. Masu cewa yaran zamani ne ba su da juriya, su fara gwada aikin dare ɗaya babu ko sisi.

Mu Hausawa mazauna Legas abin ya fi shafa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba tun 1962, a tsakiyar jama'armu, ga Agege, ga Mile 12, amma matanmu da ba sa jin Yarabanci ko Turanci kullum kukansu rashin nas mai jin Hausa. 'Yan kaɗan ɗin da iyaye suka daure suka sa a karatun jinya, ana korar su da wulaƙanci. Wadda ta jure ta gama, sau da yawa ita ce ke yi wa mai naƙuda tsawa bayan 'yan shekaru, don abin da ta koya ke nan.

A Fabrairun 2024 hukumar kula da aikin jinya ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardu ta fita waje. Ƙarfin da aka sa wajen ɗaure ƙafar masu tafiya, a sa rabinsa a cire makomar ɗalibi daga alƙalamin mutum ɗaya, a kuma ba shi inda zai kai ƙara ba gaban wadda ta zage shi ba.