Masana'antar tumatir ta Kadawa: an kawo inji kafin a shirya gona

A 2016 aka kunna injinan masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, a ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano. A ido, wuri ya yi: ga ruwan madatsar Tiga yana ratsa gonakin rani, ga kasuwar Kwanar Gafan kusa, inda a kakar tumatir kwanduna ke ruɓewa don rashin mai saye. Injinan na iya cinye tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. Ba a je ko'ina ba aka rufe. An sake buɗewa a 2019, aiki ya sake tsayawa saboda ƙarancin kaya.

Mutane da dama sun ɗora laifin kan tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, da ta lashe gonaki a 2016. Ta yi ɓarna, ba musu. Amma ni a ganina ko da tsutsar ba ta zo ba, da wuya injin ya ƙoshi.

A lissafa: tan 1,200 daidai yake da tirela 40 masu ɗaukar tan 30 kowace, kullum, ba fashi. Su wa za su cika su? Ƙananan manoma ne masu 'yar gona, waɗanda tumatirinsu ke nuna kusan lokaci guda a cikin hunturu zuwa farkon bazara. Da damina ta kankama kaya ya yi ƙasa. Irin da suke shukawa ma na miya ne, ruwa ya yi masa yawa, alhali mai yin tumatirin gwangwani mai tsoka yake nema.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Masana'anta tana son farashi tsayayye don ta yi lissafinta, domin tana gogayya da markaɗaɗɗen tumatir mai araha da ake shigowa da shi daga Sin. Shi kuwa manomi, in dillali ya tsaya a bakin gona da kuɗi a hannu, ga motar Legas tana jiran lodi zuwa kasuwar Mile 12, me zai hana shi sayarwa? Akwai bashin taki da na man injin ban ruwa a wuyansa. Sai ranar da kasuwa ta faɗi yake tuna hanyar masana'anta. Ban ga laifinsa ba, kasuwanci yake yi kamar kowa.

A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wannan ya taɓa kan iyaka ne kawai, bai gyara abin da ke tsakanin gona da ƙofar masana'anta ba.

Wanda zai sake zuba jari a wannan harka ya fara da gonarsa ta kansa da za ta riƙe injin ko da rabin ƙarfinsa. Sauran manoma ya ba su iri da taki bashi, a jera shuka mako-mako don kada ya nuna gaba ɗaya, a sauya kwandunan kaba da ke matse tumatir da akwatunan roba. Farashin kuma ya riƙa bin na Kwanar Gafan, da ƙa'idar da ba zai faɗi ƙasa da ita ba, a biya manomi ranar da aka auna kayansa.