Tsohon banso mai neman gyara: ina bayan a saya, amma a san abin da ake saya

Tun da dala ta tashi a 2023, sabon injin kafinta ya fi ƙarfin yaron da ya gama koyon aiki yana son buɗe nasa shagon. Shi ya sa matasa suka koma bin na hannu, a Ƙofar Ruwa, a Panteka ta Kaduna, ko a shagon wani dattijon da ya ajiye sana'a. Sai yaro ya samu banso, wato injin yanka katako mai zarto kamar bel, duk tsatsa, babu zarto a jiki, an ce masa "ɗan gyara kaɗan ne", ya zo yana neman shawara. Mafi yawan mutane amsarsu ɗaya: araha ba ta ado, ka haƙura ka tara kuɗin sabo. Ni ban yarda da wannan amsa ba, kuma ina ganin tana cutar da yaranmu.

Banso inji ne mai sauƙin ganewa. Wili biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, zarto ya zagaye su, moto yana juya na ƙasan da bel, tebur a tsakiya. Shi ke nan. Wani Bature, William Newberry, ya yi masa rajista a Ingila tun 1809, kuma har yau tsarin bai sauya ba. Ƙirar nan mai inci 14 da kamfanin Delta ya fitar a Amurka a shekarun 1930 ita ce masana'antun Taiwan suka yi ta kwaikwaya, shi ya sa sau da yawa kayan wani kan shiga jikin wani. Babu kwamfuta a ciki, babu abin da sai an aika waje. Injin da ya shekara arba'in yana iya fin sabon da aka yi da falle nagarta, don nauyin ƙarfensa shi ke hana shi rawa, injin da ba ya rawa kuwa shi ke yanka miƙe.

Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne: akwai lalacewar da kuɗi kaɗan ke magancewa, akwai wadda ko nawa ka zuba ba za ta tashi ba. Mutane kuma suna tsoron ta farkon, suna faɗa wa ta biyun.

Tsatsa a kan tebur ba komai ba ce. Kananzir da samfefa da haƙurin yini guda, tebur ya dawo yana sheƙi. Boris ya mutu? Lambarsa na rubuce a gefensa, irin su 6202 ko 6203, ana samu a wajen masu kayan babur da na janareta. Bel, makunni, waya, kafasita, duk na kasuwa ne. Robar da ke bakin wili in ta tsattsage ana sake ta. Wasu kan yanko tif na mota su manna da gam, yana yin aiki na ɗan lokaci, amma a kula: a ƙananan injina bakin wilin yana da ɗan tudu a tsakiya, wannan tudun ne ke riƙe zarto kada ya zame. In an manna roba ta shafe shi, ko mahaɗar ta yi kauri, zarto zai riƙa tsalle har ya faɗo, kai kuma kana zargin injin.

Inda ake asara shi ne a gangar jiki. Idan ƙarfen zubin da ya haɗa sama da ƙasa ya tsage, ka juya ka tafi, ko da kyauta aka ba ka. Ƙarfen zubi ba ya karɓar walda irin ta ƙofa da taga. Sai an gasa shi, an yi da waya ta musamman, an bar shi ya huce a hankali, kuma duk da haka wurin ne ke ɗaukar jan zarto kullum. In ya ɗan karkace, wili biyun ba za su ƙara kallon juna daidai ba. Haka nan wilin da ya lanƙwashe ko ya gutsure, da mazaunin da ke ƙarƙashin tebur wanda ake karkata shi da shi. Wannan mazaunin shi ya fi yawan karyewa, saboda masu ɗauko inji kan kama tebur su ɗaga. Don Allah, ranar da za ku ɗora shi a a-kori-kura, ku kwance teburin tukuna.

Saboda haka in ka je dubawa, kada ka tsaya daga nesa kana jin bayanin mai shi. Ka ce, "Alhaji, a ba ni dama in buɗe murfin." Ka juya wilin sama da hannu, ka kafa yatsa kusa da bakinsa ka ga ko yana matsowa yana janyewa. Ka kama shi da hannu biyu ka girgiza, ka ji ko akwai wasa. Ka murɗa abin ɗaure zarto har ƙarshe ka ga ko sifirin ɗin na da rai. Ka haska fitilar waya a wuyan injin, a kusurwoyi, a gindin kusoshi. In ka ga sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ka kankare da farce ko da makulli. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai gaskiya ba zai hana ka dubawa ba, wanda ya ce "ai ba sai ka buɗe ba" ya riga ya ba ka amsa.

Sai moto, wanda nan ne lissafin mutane ke rushewa. Akwai ƙaramin allo a jikinsa, ka karanta. Wutarmu volt 230 ce a kan hertz 50. Injin da ya fito daga Amurka sau tari na 110 ko 120 ne a kan 60, in ka jona shi kai tsaye ya ƙone nan take, in ka sa masa taransifoma kuma gudunsa zai ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida, yana iya riƙa zafi. Manyan injinan Turai irin su Wadkin na Ingila da Centauro na Italiya injina ne na gaske, amma yawancinsu na layi uku ne. Shagonka na lungu yana da layi uku? In babu, kuɗin sabon moto ko na inbata mai mayar da layi ɗaya zuwa uku ya shiga cikin farashin tun kafin ka taya. Sannan moto yakan ja ninkin wutarsa sau da yawa a lokacin tashi, ƙaramin janareta sai ya durƙusa. Wanda ke kan layin Band A, wato rukunin da ya fi biyan wuta da tsada, kuwa ya san a Afrilun 2024 an kai kuɗin wuta naira 225 kowane yunit, tsohon moton da aka yi wa naɗi marar kyau zai riƙa cin wuta yana ba da rabin ƙarfi. Ka tafi da mai naɗin koyil, ya gwada, ya shinshina, ya faɗa maka kuɗin aikinsa a gaban mai sayarwa. Wannan kuɗin ne za ka yi ciniki da shi.

Me ya sa na damu har haka? Saboda na san abin da banso ke yi wa shago. Hannun kujera, kan gado mai lanƙwasa, ƙafar tebur, duk abin da ake kai wa wani a biya shi ya yanka, ya dawo gida. Tsagarsa siririya ce, abin da yake ci bai kai rabin na zarton faifai ba, a lokacin da madaci da loko suka yi tsadar da kowane falle kuɗi ne. Kuma ba ya harbo katako baya yadda injin faifai ke yi, tunda zartonsa ƙasa yake ja. Yaron da ya gyara nasa da hannunsa kuwa, ya san kowace kusa, ba zai rufe shago kwana uku yana jiran mai gyara ba.

Amma akwai abin da ke ci mini rai, kuma shi ne sharaɗina. Mutum zai gyara moto, ya sa boris, ya ɗaura zarto, inji ya tashi, sai ya ce gyara ya ƙare. Murfin wili babu, an jingine shi a bango ko an sayar wa 'yan gwangwan. Jagororin da ke riƙe zarto ta gefe da ta baya sun cinye, ba a sake ba. Makunni kuma waya biyu ce ake haɗawa da hannu. Zarton banso yana tsinkewa, wannan ba a tantama, murfin nan ne ke tare shi kada ya fito waje. Wanda ke tsaye a gaban injin kuma yawanci ba maigida ba ne, yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu da uwarsa ta kawo amana. Murfi falle ne kawai, kowane mai walda zai yi maka a rana ɗaya. Jagora ko da katako mai tauri ana iya yin ta. Makunni a sa mai babban maɓalli inda hannu ke kaiwa. A koya wa yaro ya sauko da jagorar sama dab da katako kafin ya kunna, ya tura ƙaramin gutsure da sanda, ya sassauta zarto in an tashi.

In kuɗinka ba zai kai ga waɗannan ba bayan ka biya injin, ka kai shi shago ka rufe da buhu, ka ci gaba da kai yanka waje har wata mai zuwa.