Kafin 'yan amshi su ƙare

Daren jiya ina sauraron Narambaɗa, makaɗin fadar Isa, a waya, sai ɗana ya tambaye ni wa ake yi wa zambo a wani ɗan waƙa da ya ba shi dariya. Na buɗe baki, na rufe. Da mahaifina na raye, Allah ya jiƙansa, da ya faɗa masa sunan mutumin, da garinsu, da abin da ya haɗa shi da fadar Sarkin Gobir na Isa har makaɗi ya sa shi a baki. Ni sautin kawai na gada.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta taɓuka komai ba. A 2016 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, a Disamba 2024 kuma hawan dabar Kano ya shiga, kuma ba a samun wannan sai hukuma ta yi aikin takardu. A 2023 an ware wa fasaha da al'adu ma'aikatarsu a Abuja. Madalla. Sai dai doki da alkyabba ake ɗauka a hoto, mai kiɗan da ke tafe a ƙasa cikin ƙura babu wanda ya tambayi sunansa.

Kuma mun saba da jiran mutuwa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Duk sanda babba ya faɗi sai rediyo ta cika da ta'aziyya, a yi kwana uku ana sa waƙoƙinsa, daga nan shiru. Su waɗannan ma sun yi sa'a, an naɗi muryarsu, ɗalibai sun yi rubutu a kansu. 'Yan amshinsu fa? Masu kalangu, masu kiɗan ƙwarya, sanƙiran da ke gabatar da makaɗi a gaban sarki? A bakinsu tarihin kowace waƙa yake, kuma kullum raguwa suke yi.

Bara na je wani ofishin raya al'adu neman wata tsohuwar waƙa. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya buɗe mini ɗakin ajiya. Ga faya-fayai da kaset-kaset cikin kwalaye a ƙasa, gara ta fara cin na ƙasan, takardun da aka liƙa sunaye sun ɓare. Na'urar da za ta juya su ta mutu tun kafin a ɗauke shi aiki, in ji shi. Na fito jikina a sanyaye.

Wata biyu bayan nan, a wurin wani suna, aka nuna mini wani tsoho mai sayar da goro aka ce ya yi shekaru yana amshi ga wani makaɗin fada. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, da gaske ne a gaban sarki ake ƙirƙirar waƙa nan take?" Ya yi dariya har goro ya faɗo daga bakinsa. "Yaro, wa ya gaya maka? Kwana muke yi a zaure muna tsara ta, maigida ya kawo turke, wato jigon waƙar, kowa ya ɗora nasa. In ta yi gishiri sannan mu fita da ita." Ya bayyana mini yadda ake ɗaure fatar kotso, da yadda ake raba kyauta bayan an dawo gida. Na tambaye shi ko wata hukuma ta taɓa zuwa ta naɗi labarinsa. Ya ce ni ne na farko, kuma ko ni ɗin ai suna na zo.

Abin da nake so a yi bai kai kuɗin taron kwana ɗaya a otal ba. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da ɗalibai masu waya a hannu. A ba su kuɗin mota, a tura su ƙauyuka, a kuma biya tsofaffin nan haƙƙin zamansu, don ilimi suke bayarwa, ba bara suke yi ba. Abin da gidan rediyon Kaduna ya tara tun shekarun 1960 a mayar da shi kwamfuta, a sa inda ɗan makaranta zai iya ji.

Ranar na naɗi Baba minti arba'in kafin cajin wayata ya ƙare. Ya ce in dawo bayan Sallah, in kuma taho masa da maganin tari.