Maƙerin Nancy da gidansa na Yamai

Jama'a, duk sanda na ji ana yi wa Jean Prouvé, Bafaranshen nan mai ƙera kujeru da gidajen ƙarfe, kirarin mai gina wa talaka, sai in ce a dai bi a hankali.

Gwaninta kam ba a ja da shi. An haife shi a 1901, ya tashi a birnin Nancy na Faransa, ƙira ya koya, kuma bai taɓa riƙe takardar shaidar zanen gine-gine ba. Ku dubi kujerarsa ta 1934, wadda ake kira Standard: ƙafafun gaba siraran bututu ne, na baya kuwa faffaɗan ƙarfe ne da aka lanƙwasa, don can nauyin mai zama yake sauka. Mai walda na bakin titi da kallo ɗaya zai gane dabarar. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu ya ƙera ƙananan gidaje, mita 6 tsawo 6 faɗi, ga waɗanda yaƙi ya raba da muhallinsu a yankin Lorraine na Faransa. Wannan na yarda, aikin tausayi ne.

To amma gidan da ya turo Yamai a 1949 fa? Ƙarfe da alminiyum aka yanka a Faransa, aka loda a jirgin sama, aka zo aka ɗaure da kusoshi. Rufi hawa biyu, da kafa a tsakiya inda iska mai zafi ke fita, ga baranda, ga ƙananan tagogi zagayayyu masu shuɗin gilashi. Kyakkyawa ne, wallahi. Sai dai don ma'aikatan mulkin mallaka aka yi shi, a ƙasar da magina suka daɗe da sanin yadda katangar tubali mai kauri ke tsare sanyi. Tsada ta kashe shirin: uku kacal aka yi, ɗaya a Yamai, biyu a Brazzaville ta Kongo a 1951.

Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya. Wajen shekarar 2000 wani dillali Bafaranshe ya saye ukun, ya kwance su ya kwashe. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga na Brazzaville a New York, kusan dala miliyan 5. Wasu za su ce ai da an bar su tsatsa ce za ta cinye su. Wataƙila. Amma wa ya tambayi mutanen Yamai?

Prouvé, wanda ya mutu a 1984, bai ga ko sisi ba. Tun 1953 masu jari suka ƙwace masa ragamar masana'antarsa ta Maxéville, kusa da Nancy.