Su gardamarsu kan 'ya'yansu, tamu kan 'ya'yan wasu

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu ba a buga wasa ko ɗaya a gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, amma a nan Shikago lokacin ne bakin magoya baya ya fi kaifi. An ba da kofi, an rufe filaye, sai kowa ya koma kan tambaya guda: wane yaro ne daga jami'a ya kamata ƙungiyarmu ta ɗauka? A rediyon mota ita ake yi, a wurin aiki ita, a shagon aski ita. Mutumin da bai san sunan kansilan unguwarsa ba zai zayyano maka tsayin wani ɗalibi da ke can Luiziyana, da nauyinsa, da faɗin tafin hannunsa, har da raunin da ya ji a gwiwa tun yana sakandare.

Ga wanda bai san tsarin ba, ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma ba sa sayen matasa a kasuwa kamar yadda ake yi a Turai. Sau ɗaya a shekara ake zama, a jera yaran da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye bakwai cikin kwana uku. Sharaɗin yaro shi ne ya cika shekara uku da gama sakandare. Wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, wadda ta ci kofi ita ce ta ƙarshe. Tun 1936 ake wannan al'ada. Yanzu ta zama biki mai yawo gari-gari: da aka yi a Detroit a 2024, mutane fiye da dubu 700 ne suka fito, ba don su ga an buga ƙwallo ba, sai don su ji Roger Goodell, shugaban gasar, yana karanta sunaye daga takarda, su kuma yi masa ihun da suka saba yi masa kowace shekara.

Gardamar 2024 ita ce ba zan manta ba, domin Chicago Bears, ƙungiyar garin nan, ke da zaɓi na farko. Ba don ita ta zo ta ƙarshe ba. A 2023 ta sayar wa Carolina Panthers gurbinta na farko, ta karɓi ɗan wasa DJ Moore da wasu gurabe, ciki har da na shekara mai zuwa. Carolina ta ɗauki Bryce Young, ta ci wasa biyu kacal cikin 17, sai gurbin farko ya sake faɗowa hannun Bears. Nan gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a riƙe Justin Fields, kwatabak ɗin da ake da shi tun 2021, a sayar da gurbin a samo masa mataimaka. Kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo ya rarraba, duk wani hari daga hannunsa yake tashi, kuma Bears ta daɗe tana fama da rashin na kirki. Rabonta da kofi tun kakar 1985. Wasu kuma suka ce Caleb Williams na jami'ar USC, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2022, irinsa ba ya zuwa kullum. A wasan gida na ƙarshe na wannan kakar 'yan kallo sun yi ta rera sunan Fields. Masu ƙin Williams har da zancen yana shafa wa farcensa fenti, da kuma kukan da ya yi a jikin mahaifiyarsa bayan an ci su wani wasa, duk suka jawo cikin hujja. Wani abokin aikina, dattijo mai jika, sai da ya yi mako guda ba ya zama teburi ɗaya da amininsa lokacin cin abinci.

A ƙarshe aka tura Fields Pittsburgh, aka ɗauki Williams. A shekararsa ta farko aka kayar da shi ƙasa da ƙwallo a hannu sau 68, ƙungiyar ta sha kashi goma a jere, aka kori koci kafin kaka ta ƙare. Jayden Daniels da Washington ta ɗauka na biyu shi ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan gaba, ya kai ƙungiyarsa wasan dab da na ƙarshe. Sai gardamar ta dawo sabuwa fil.

Kada wani ya ɗauka yawan binciken nan yana hana kuskure. Kowace shekara ana tara yaran a Indianapolis a auna gudunsu a yadi 40, a ƙirga sau nawa za su ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 225, likitoci su laluba kowace gaɓa, a zaunar da su a yi musu tambayoyi. Duk da haka, a 2017 Bears ta ba da gurabe da dama don ta matsa daga na uku zuwa na biyu ta ɗauki Mitchell Trubisky, yaron da wasa 13 kaɗai ya fara a jami'ar North Carolina. Patrick Mahomes yana nan zaune, sai a na goma Kansas City ta ɗauke shi, kuma ya ci mata kofi uku. A Shikago in kana son ɓata wa mutum yini, ambaci wannan shekarar. Tom Brady, mai kofi bakwai, shi ne na 199 a zaɓen 2000. Brock Purdy shi ne na ƙarshe ƙurmus a 2022, na 262, kuma bai cika shekara biyu ba ya kai San Francisco wasan ƙarshe. Wato masu albashin miliyoyi ma laluben duhu suke yi a wasu lokuta. To amma ba daidaiton zaɓensu ne ke ba ni kishi ba.

Abin da ke ba ni kishi shi ne, yaran da suke gardama a kansu nasu ne, kuma sun san su. Sun ga wasanninsu a talabijin kowace Asabar tsawon shekara uku ko huɗu. Filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da dubu 107, kuma cika yake don kallon ɗalibai. Ana da rajistar kowane jifa da yaro ya yi, an san makarantar da ya fito, an san ranar haihuwarsa ba tare da rantsuwar kotu ba. Direban babbar mota da ke kiran gidan rediyo yana zagin manajan ƙungiya, ya ga abin da yake magana a kai da idonsa.

Yanzu mu dawo gida. Ba wanda zai koya wa Bahaushe gardamar ƙwallo. Ka je kowane gidan kallo a Fagge ko Tudun Wada ko Damagaram, ka zauna a teburin mai shayi bayan an tashi wasa, za ka ji sharhin da ya fi na wasu masu albashi a talabijin. Amma a kan wa? A kan wanda Arsenal ya kamata ta saya, da dalilin da ya sa Manchester United ke zubar da kuɗi a banza, da ko Real Madrid na buƙatar mai tsaron baya. Ƙanena da ke Kano ya san yaran da ke tasowa a makarantar Barcelona tun suna 'yan shekara 15. Na tambaye shi ya faɗa mini yara uku 'yan ƙasa da shekara 18 a jiharmu da ya kamata Kano Pillars ta yi maza ta ɗauka. Ya yi dariya ya ce, "Haba yaya, a ina zan gan su?" Gaskiyarsa. Ba ragwanta ba ce, ba kuma rainin na gida ba ne kawai. Yaron Barcelona yana cikin wayarsa, yaron Ƙofar Nasarawa kuwa sai in ƙafa ta kai shi filin da yaron yake bugawa, a ranar da yake bugawa.

Ahmed Musa misali ne da ya isa. Daga Jos ya taso, ya bi ta ƙungiyar JUTH ta garin, ya zo Pillars, ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar ƙasa. Kafin mutanen Kano su gama sabawa da gudunsa ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow, daga nan Leicester. Shi ma ya yi sa'a, don an gan shi kaka guda a filin Sani Abacha. Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen sai a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, a 2013 da 2015, yawancinmu muka fara jin sunansu, kuma daga nan Manchester City da Wolfsburg suka nufa ba tare da wata babbar ƙungiyar gida ta more su ba. Najeriya ta ci wannan kofin sau biyar, babu ƙasar da ta kai ta. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Sai bayan Bature ya sa wa yaro farashi muke fara musu a kan ko ya iya.

Ga kuma batun shekaru, wanda muke mayarwa abin raha alhali ciwo ne. A 2016 yara fiye da 20 na tawagar 'yan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin ƙashi dab da wasan share fage da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya alhali Najeriyar ce ke riƙe da kofin duniya. Gardamar kirki ba ta yiwuwa a kan ɗan wasan da ba a ma daddale shekararsa ba.

Wasu 'yan uwa mazauna nan, da zarar an taɓo wannan zance, sai su ce mafita ita ce a kwafi tsarin zaɓen a kai gasar Najeriya. Ban yarda ba. NFL gida ne rufaffe: ƙungiyoyin nan 32 su ne jiya su ne gobe, babu wadda ake korewa zuwa ƙaramar gasa, kuma babu wata gasa a duniya da za ta biya yaro kusa da abin da suke biya, don haka ba shi da wurin gudu. A ƙwallon ƙafa ƙofa a buɗe take ta ko'ina. Ka ce wa yaro dole ya tafi ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe, gobe wakilinsa ya kai shi Beljiyam ko Tunisiya. Kuma a wurinmu ta ƙarshe faɗuwa take yi. Pillars da kanta, mai kofin gasa huɗu, ta ɗanɗana hakan a 2022 kafin ta dawo.

Ban da haka, akwai abin da ba ya kwanta mini a tsarin nasu. Ka ga magoya baya a watan Disamba suna addu'ar a ci ƙungiyarsu don ta samu gurbin farko. Wanda ya taso yana jin gangar magoya bayan Sai Masu Gida ba zai taɓa sabawa da wannan ba. Sannan yaron da ya fi kowa iyawa shi ake jefawa ƙungiyar da ta fi kowace lalacewa, ba a tambaye shi ba. John Elway a 1983 da Eli Manning a 2004 sun yi tirjiya har aka sauya musu ƙungiya, amma irinsu ba su da yawa. Tun 2011 ma an ƙayyade albashin sababbi gwargwadon gurbin da aka ɗauke su, ba ciniki. Sam Bradford, na farko a 2010, ya sa hannu kan dala miliyan 78. Williams, bayan shekara 14, bai wuce kusan miliyan 40 ba. Su kuwa jami'o'in, sai a 2021 aka yarda ɗalibi ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa, bayan an shafe shekaru aru-aru ana cika filaye da guminsa. Ba aljanna ba ce.

Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne abin da ke ƙarƙashin bikin, wato makaranta da rajista da kyamara. Shi ya sa Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya shiga jami'ar Houston, duniya ta kalle shi shekara uku, aka ɗauke shi na farko a ƙwallon kwando a 1984, gaban Michael Jordan. Shi ya sa Christian Okoye na Inugu, wanda jifan faifai ya kai shi Amurka, ya samu Kansas City ta ɗauke shi a 1987. Rome Odunze da Bears ta ɗauka na tara a daren da ta ɗauki Williams, mahaifinsa ɗan asalin Najeriya ne. Ba jininsu ne ya bambanta da na yaranmu ba, wurin da suka tsaya ne ake gani.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Gasar Ramat da ake yi a Kano ta daɗe tana tara matasa daga jihohi, jami'o'i suna da wasannin NUGA, kowace unguwa tana da kocinta mai sayen ruwa da bandeji daga aljihunsa. Abin da babu shi ne wanda zai rubuta. Waya ɗaya a kan sanda ta isa ta ɗauki wasa, littafi ɗaya a ofishin hukumar ƙwallon jiha ya isa ya riƙe sunan yaro da ranar haihuwarsa da ƙungiyar da ya yi wa wasa daga shekara 12. Gidajen rediyon Kano da ke ba da sa'o'i suna fassara labarin Firimiya za su iya ware rabin sa'a a mako su yi musu a kan yaran Dala da Gwale, in akwai abin da za su riƙe a hannu.

Akwai ma kuɗi a ciki. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne tsakanin shekara 12 da 23, a raba musu gwargwadon shekarun da ya yi a kowacce. Leicester ta biya kusan fam miliyan 16 a kan Ahmed Musa a 2016, Napoli ta biya kusan yuro miliyan 70 a kan Osimhen a 2020. Kowa ya yi lissafin da kansa. Amma da takardar rajistar ɗan wasa ake biyan wannan kuɗi, kuma ƙungiyar unguwar da ba a rubuta sunanta a kai ba, ko ita ta saya wa yaro takalminsa na farko, ba a aiko mata da ko sisi.